Kwaɗon da zai hana ɓarawo shiga, kada ya hana mai shago fita

  Yau ina so ne in ja hankalinmu a kan wani ɗan ƙaramin abu da kowannenmu ke taɓawa safe da yamma amma ba kasafai muke zama mu yi tunani a kansa ba, wato kwaɗo da sakata da kubar da muke sa wa ƙofofin shagunanmu da ɗakunan ajiyar kayanmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a lokacin hunturun da ya wuce. Na sauka wurin wani ɗan'uwana mai sayar da kayan masarufi a Madarunfa, bayan sallar isha'i muka je ya rufe shago. Yaron shagonsa, wanda bai wuce shekara 15 ba, ya shimfiɗa tabarma a tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin mai, shi kuwa mai gida ya jawo ƙyauren ƙarfe ya datse da kwaɗo biyu ta waje, ya jefa mabuɗan cikin aljihu muka kama hanyar gida. Na ce masa, “Yaya, idan wuta ta tashi cikin dare fa, ta ina yaron nan zai fita?” Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, “Kai dai ka cika saƙe-saƙe, shekara nawa muna yin haka, Allah na tsarewa.” Allah Ya tsare ɗin kuwa, domin gari ya waye lafiya, amma ni ban runtsa ba a daren nan. Na kuma san ba shi kaɗai ke yin haka ba, al'ada ce da ta zama ruwan dare a kasuwanninmu.

A nawa ra'ayi, aikin makulli biyu ne. Na farko ya hana wanda ba shi da haƙƙi shiga, na biyu ya bar wanda ke ciki ya fita da sauri in ta ɓaci. Mu 'yan kasuwa na farkon kawai muke dubawa, shi ɗin ma sau da yawa ba mu yi masa kyakkyawan duba. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Araha ba ta ado

Ba na ganin laifin duk wanda ke tsoron ɓarawo a wannan yanki namu. Muna bakin iyaka, hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Jibiya da Katsina ita ce jijiyar cinikinmu, kuma kowa ya san irin wahalar da aka sha lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ga kuma ta'asar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan bakin iyaka shekara da shekaru. Wanda ya tara jarinsa cikin irin wannan hali, dole ya yi kaffa-kaffa da shi.

Abin mamaki shi ne, za ka ga mutum ya zuba kayan jika dubu a shago, sannan ya tsaya yana ciniki da mai tallar kwaɗo a kan dala ashirin, a ƙarshe ya ɗauki mafi araha. Irin wannan kwaɗo ba ya bukatar gwanin ɓarawo, guduma ɗaya ko ɗan guntun rodi ya ishe shi. Hausawa dai sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yana da kyau mu san yadda abin yake aiki. Yawancin kwaɗo da kubar zamani suna bin tsarin da wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami ya kyautata a shekarun 1860. A cikin wurin da ake zura mabuɗi akwai wasu 'yan ƙananan ƙarafa jere, kowanne da tsawonsa, kuma haƙoran mabuɗi ne ke ɗaga su su daidaita a layi ɗaya kafin cikin ya juya. Idan 'yan ƙarafan nan suna da yawa, kamar 5 ko 6, kuma an yi aikin da kyau, zai yi wuya a sami mabuɗin wani ya buɗe naka. Idan kuwa kaɗan ne, ko aikin na garaje ne, sai ka ga mabuɗi ɗaya yana buɗe kwaɗo da dama. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka roƙi mai kaya ya ba ka kwaɗo uku ko huɗu daga kwali ɗaya, ka gwada mabuɗin wannan a jikin wancan. In har ya buɗe, ko ya nuna alamar zai juya, ka ajiye masa kayansa.

Abu na biyu shi ne lanƙwasasshen ƙarfen nan na saman kwaɗo da ke shiga alharga, domin shi ɓarawo ke fara nufa da zarto ko babban almakashin yankan ƙarfe. A nemi mai kauri, wanda aka yi da ƙarfe mai tauri, kuma gajere. Mai dogon wuya yana da daɗin sawa, amma yana ba ɓarawo wurin zura rodi ya murɗa. Akwai wani iri mai kewaye kamar faifai, da wani wanda jikinsa ya taso ya rufe ƙarfen ta gefe biyu, waɗannan sun fi dacewa da ƙofar shago domin ba su barin wurin da almakashi zai kama. Haka kuma kwaɗon da sai an murɗa mabuɗi yake kulluwa ya kan fi wanda ake dannawa kawai ya ce ƙaras juriya ga duka. A Turai suna da ma'aunin ƙarfin kwaɗo da suke kira EN 12320, wanda ya kasa shi mataki 1 zuwa 6, na 6 shi ne mafi ƙarfi. Sunaye irin su Vachette da Yale da Viro da Abus sanannu ne a wannan fage, sai dai kowa ya san duk sunan da ya yi fice sai an yi jabunsa. Idan aka ba ka mai babban suna a kan kuɗin goro, ka san akwai lauje cikin naɗi. Ka sayi kwaɗo a kantin da ka sani, wurin mutumin da za ka iya komawa ka same shi gobe.

Sai bango ya tsage

Mai karatu, kwaɗo komai tsadarsa ba ya wuce ƙarfin abin da aka rataya shi a kai. Na sha ganin kwaɗo mai nauyi a jikin alhargar da aka kafa da ƙananan ƙusoshi huɗu, waɗanda kawunansu ke waje, yaro ma zai iya kwance su da abin kwance noti. Idan ƙyauren katako ne, a huda shi a zura noti mai kai mulmulalle wanda ba shi da tsagar kwancewa, a ɗaure ta ciki a kan farantin ƙarfe. Idan na ƙarfe ne, a sa mai walda ya yi alhargar da ƙarfe mai kauri, ya kuma yi wa kwaɗon 'yar rumfa ta ƙarfe wadda hannu da mabuɗi kawai za su iya shiga ta ƙasa. Wannan 'yar rumfa tana kare shi daga guduma da zarto, tana kuma kare shi daga ruwan sama.

A duba hinji, wato wurin da ƙyaure ke juyawa. Idan yana waje kuma ana iya zare ƙarfen tsakiyarsa, to ɓarawo zai ɗauke ƙofar ɗungurungum ya bar maka kwaɗonka a kulle. Maganinsa shi ne a toshe kan ƙarfen da walda, a kuma dasa guntayen rodi biyu a gefen ƙyauren waɗanda za su shige cikin ramuka a jikin madogarar ƙofa idan an rufe. Ita kanta madogarar a tabbata an dasa ta sosai cikin bango da siminti. Masu ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama kuwa, su sa makulli ta gefe biyu, domin idan a tsakiya kawai yake ana iya ɗaga kusurwa ɗaya yaro ya shige. Daga nan sai a ɗaga kai a dubi rufin kwano da tagar baya, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan ga kula. Ƙurar hunturu da laimar damina, musamman ga mu da ke kusa da tafki da gulbi, suna saurin lalata kwaɗo. Kada a ɗura masa man gyaɗa ko baƙin mai, domin suna kama ƙura su daskare a ciki. A kankare bakin fensir a shafa wa mabuɗi a zura a juya sau da yawa, ya wadatar. Kwaɗon da ya fara gardama a canja shi tun kafin ranar da zai ƙi buɗuwa alhali masu saye na tsaye.

Mabuɗi nawa, a hannun wa?

Da ɗan gari akan ci gari. Sata da yawa a kasuwa ba fasa ƙofa ake yi ba, da mabuɗi ake buɗewa a kwashi kaya a mayar a rufe. Duk kwaɗon da ka saya ka ƙirga mabuɗansa, ka san inda kowanne yake. Kada ka rataye su a ƙusa a bakin shago, domin mai yankan mabuɗi ba ya ɗaukar lokaci wajen fitar da irinsa. Idan ka kama hayar shago, ranar da ka shiga ka canja makulli, don ba ka san hannu nawa tsohon ya ratsa ba. Idan mabuɗi ya ɓata, ko kun rabu da yaron shago, ko da rabuwar arziki ce, ka canja. Wannan ba zargi ba ne, shi ma yaron ka fitar da shi daga bakin mutane in wani abu ya faru daga baya. Mai kuba ba sai ya cire ta duka ba, ana iya sauya wurin zura mabuɗin kaɗai da kuɗi kaɗan.

Iyayenmu mata masu sana'a, ku ne kuka fi yin tarayya a ɗakin ajiya ɗaya, mai busasshen zogale da mai ƙuli-ƙuli da mai kifi da mai atamfa kowa ta kawo nata. Sau nawa zumunci ya lalace saboda an wayi gari kwano biyu na kaya sun yi ƙafa, ana ta kallon-kallo? Shawarata ita ce a sa wa ƙofar alharga biyu da kwaɗo biyu, mabuɗin wannan a hannun Hajiya, na wancan a hannun wata, ta yadda ba mai buɗewa sai su biyun sun haɗu. A ciki kuma kowace ta sami akwatin ƙarfe da nata kwaɗon. Kuɗin adashe kuwa kada ya kwana a rumfa ko da wane irin makulli ne, uwar adashe ta tafi da shi inda ya fi aminci. Ranakun Litinin da Juma'a da ake tafiya cin kasuwar Maraɗi, a san wadda aka bar wa mabuɗi, a kuma faɗa a gaban shaida.

Rai ya fi dukiya

Yanzu bari in koma kan abin da ya hana ni barci. Gobarar kasuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama wuta cikin dare a watan Maris na 2016. A 2021 kaɗai, babbar kasuwar Sakkwato ta yi gobara a watan Janairu, ta Katsina ta biyo baya a watan Maris. A nan Maraɗi kuwa, ba za mu manta da ranar 8 ga Nuwamban 2021 ba, da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare, yara sama da 20 suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Wannan musiba ta nuna mana irin saurin da wuta ke yi. Shagon da ke cike da leda da katifa da man girki, ga maƙwabci mai fetur a kwalabe, ga wayar lantarki da aka jona ba bisa ƙa'ida ba, hayaƙinsa kaɗai kan kayar da mutum cikin 'yan mintoci. Daga Maraɗi zuwa Madarunfa kilomita 20 ne da 'yan kai. Ko an kira lamba 18 ta 'yan kwana-kwana nan take, wanda aka kulle a ciki ba zai iya jiran mota ba, ba zai kuma iya jiran a je a tada mai gida a lalubo mabuɗi ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗanɗana wannan. A ranar 25 ga Maris 1911, wuta ta tashi a wata masana'antar ɗinkin riguna mai suna Triangle a birnin New York na Amurka, mutum 146 suka mutu, akasarinsu 'yan mata masu ɗinki, kuma daga cikin dalilan har da ƙofar fita da aka kulle don tsoron kada ma'aikata su saci kaya. A ranar 1 ga Agustan 2004, gobara ta kama wani babban kanti mai suna Ycuá Bolaños a Asunción, babban birnin ƙasar Paraguwai da ke Kudancin Amurka. Waɗanda suka tsira sun ba da shaidar cewa an rufe ƙofofi don kada mutane su fita da kaya ba su biya ba. Sama da mutum 300 ne suka halaka, kuma a 2008 kotu ta ɗaure mai kantin da ɗansa da wani mai gadi. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago, kayan da ake tsaro sun ƙone, rayuka sun salwanta, mai dukiya ya ƙare a kurkuku.

Tun kafin waɗannan, a 1883, yara 183 sun mutu a turmutsitsi a wani zauren wasa da ke garin Sunderland na Ingila, saboda wata ƙofa mai buɗewa ciki da aka sa wa sakata aka bar 'yar kafa. Bayan wannan ne aka fara tilasta wa gine-ginen taron jama'a su yi ƙofa mai buɗewa waje, aka kuma ƙirƙiro sandar nan da ake gittawa a jikin ƙyaure ta ciki, wadda da an danna ta ƙofa za ta buɗe ba tare da mabuɗi ba. Wanda ya shiga manyan otal-otal ko filin jirgin sama ya ga irinta.

Ban ce mai rumfa a Madarunfa ya je ya sayo irin wannan sanda ba, amma hikimar da ke cikinta ba ta fi ƙarfinmu ba. Duk ɗakin da mutum zai kwana a ciki, ta ciki za a rufe shi. A sa manyan sakata biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, waɗanda hannu zai iya zarewa cikin duhu. Mai hali ya sa kuba irin wadda ake buɗewa da mabuɗi ta waje, ta ciki kuma tana da 'yar murɗa. Idan akwai alharga a waje, mai kwana a ciki ya maƙale kwaɗon a jikin zoben ya kulle kafin ya shiga, don kada wani mugu ko yaro mai wasa ya rufe shi ta waje. Babban sito ya kamata ya sami ƙofa ta biyu a baya, mai buɗewa waje, mai sakata ta ciki kawai, kuma kada a jibge buhuna a bakinta. Tagar da aka yi wa ƙarafa, a bar ɓangare ɗaya da ake iya buɗewa daga ciki.

Na san abin da wani zai ce: “Malam, in na bar wa yaro sakata, ai shi zai buɗe wa ɓarayi.” Amsata ita ce, in ba ka amince da shi ba, me ya sa ka ba shi gadin dukiyarka? In kuwa ka amince da shi har ka bar shi da kayan jika dubu, to ka amince masa da ransa. Ɗan mutane ne, amana iyayensa suka ba ka. Wani kuma zai ce tsoron 'yan fashi ne. To ai sakata ta ciki ta fi kwaɗon waje tsaro, domin ɓarawo ba ya ganinta balle ya yanke ta, kuma kwaɗo rataye a waje shi ke shaida masa cewa mai shago ba ya nan. Maganar tawakkali kuwa, malamanmu sun sha karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, ya kuma yi horo da a rufe ƙofofi a kashe fitila in za a kwanta.

Kira ga shugabanni

Ina kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa maza da mata, su zauna su yanke shawarar cewa daga yau ba a kulle mutum ta waje a kowane shago, wanda ya saɓa a ci shi tara. Inda kasuwa ke da ganuwa da manyan ƙofofi, mabuɗan su kwana a hannun mai gadin da ke wurin, a kuma ajiye babban almakashin yankan ƙarfe da bokitan yashi a inda kowa ya sani. Ofishin magajin gari, wanda ke karɓar kuɗin rumfa, ya dace ya duba ƙofofin fita kafin ya ba da izinin gina sabon shago ko sito. Aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, idan Allah Ya sa ya kammala, zai jawo gina sababbin ɗakunan ajiya a wannan yanki, kuma gyara tun ran gini ya fi sauƙi a kan fasa bango daga baya. Masu walda da maƙera, ku ne ke ƙera ƙofofin nan, kuma ana jin maganarku. In mai shago ya zo, ku tambaye shi ko wani zai riƙa kwana a ciki, ku ba shi shawarar da ta dace ko da bai nema ba.

Shi dai ɗan'uwan nan nawa, na yi ta yi masa naci har ya gaji ya kira mai walda, aka sa sakata biyu ta ciki aka kuma yi wa kwaɗon rumfa, kuɗin aikin bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa, yau in ya tashi rufe shago ya tsaya ya dubi ƙofarsa ta waje, ya shiga ya dube ta ta ciki, ya gwada ko zai iya fita cikin duhu ba tare da mabuɗi ba. In ya ga gyara, kada ya bari sai an yi ihu bayan hari.

Allah Ya tsare mana rayukanmu da dukiyoyinmu, Ya kare kasuwanninmu daga gobara da sharrin ɓarayi, Ya zaunar da iyakokinmu lafiya.